Farauta a Tafin Hannu: Wasan Monster Hunter da Al'adar Zama Tare a Ƙasar Japan

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da iyaye da malamai suke yi game da wasannin na'ura, wanda aka fi ji shi ne cewa suna raba yaro da jama'a. A ganinsu, duk wanda ya sunkuyar da kai a kan ɗan allo ya bar dandali, ya rabu da tsaransa, ya koma zaman kaɗaici. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma fa bai game kowane wasa ba, bai kuma game kowane zamani ba. Daga shekarar 2005 zuwa wajen 2011 an ga wani al'amari a ƙasar Japan wanda ya saɓa wa wannan zato. Wani wasa guda, a kan na'urar da ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba, ya sa ɗimbin mutane, 'yan makaranta da ma'aikata, suna neman juna, suna sa rana, suna zama huɗu-huɗu a teburi ɗaya. Sunan wasan Monster Hunter, watau mafaraucin dodanni, na kamfanin Capcom da ke birnin Osaka. Na'urar kuwa ita ce PSP ta kamfanin Sony.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wane irin wasa ne wannan, da yadda ake yin sa, da dalilin da ya sa ya tara mutane. Za a nuna cewa al'adar zaman ta taso ne daga haɗuwar abubuwa biyu: wata iyaka da aka yi wa hanyar haɗa na'urorin, da kuma tsarin wasan kansa, wanda ya sa da wuya mutum ɗaya ya wadatu da kansa. Daga nan za a dubi kalmomin da masu wasan suka ƙirƙiro, domin duk harkar da ta tara jama'a ba ta rasa sararta.

2.0 Ma'anar Kalmomi da Asalin Irin Wannan Wasa

Kafin a shiga bayani gadan-gadan, ya kyautu a warware abubuwa uku da suka haɗu suka yi wannan nau'i na wasa.

Na farko shi ne abin da za a kira wasan shiga rigar jarumi. A irin wannan wasa mutum yakan ɗauki matsayin wani jarumi na cikin labari, ya raɗa masa suna, ya zaɓar masa kama da makami, sa'an nan ya bi da shi cikin wahalhalu har ya ƙasaita. Asalinsa ba daga na'ura yake ba. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, wanda ake yi a kan teburi da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na lido. Mutum guda yana ba da labari, sauran kuma kowa yana faɗin abin da jaruminsa zai aikata, ƙwaya ta yanke ko ya dace ko bai dace ba. Mai karatu zai iya kwatanta shi da tatsuniyar da aka bai wa masu sauraro ikon cewa ga abin da Auta zai yi in ya iso bakin kogon Dodo. Da kwamfuta ta yaɗu, sai ta karɓi aikin mai ba da labarin da na ƙwayar gaba ɗaya.

Na biyu shi ne duniyar almara, watau duniyar da aka ƙaga, mai dodanni da takubba da abubuwan al'ajabi, wadda ba ta cikin taswirar kowace ƙasa.

Na uku shi ne yadda ake yin faɗa a cikin wasan. A nan wasannin sun rabu gida biyu. A gida na farko ana yin faɗa ne bi da bi, kamar dara: mai wasa ya zaɓi abin da zai yi daga cikin jerin umarni, ya jira abokin gaba ya yi nasa. Dragon Quest, wanda ya fito a Japan a 1986, shi ne sanannen misali. A gida na biyu babu jira. Kowane sara da kowace kaucewa suna fitowa ne daga yatsun mai wasa a daidai lokacin da ya danna maɓalli, kamar dambe, inda wanda ya yi jinkirin ƙiftawar ido zai sha ƙasa. Wannan shi za a kira na ɗauki-ba-daɗi. Dragon Slayer da Hydlide, waɗanda duka suka fito a Japan a 1984, suna cikin na farko-farkonsa. Monster Hunter ɗan wannan gida ne.

Ita kuwa na'urar wasa ta hannu, wadda take da allonta da batirinta, ake sa ta a aljihu ko a jaka, kamfanin Nintendo ne ya yaɗa ta, da Game & Watch a 1980, sa'an nan da Game Boy a 1989, dukansu ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi. Tun a 1991 kamfanin Square ya fitar da wasan jarumi na ɗauki-ba-daɗi a kan Game Boy mai suna Seiken Densetsu. Haka kuma Game Boy tana da wata igiya da ake haɗa na'ura biyu da ita, wadda Pokémon ya yi amfani da ita tun daga 1996 don yara su yi musayar halittun da suka kama. Ke nan tunanin haɗa na'urorin hannu ya girmi PSP. Abin da ya rage shi ne a sami wasan da zai mai da haɗuwar ta zama ginshiƙinsa.

3.0 Daga Ɗaki zuwa Aljihu

Monster Hunter na farko ya fito ne a watan Maris na 2004 a kan PlayStation 2, na'urar da ake jona wa talabijin a ɗaki. Tun farko an gina shi don mutum huɗu su yi farauta tare, amma ta intanet. A Japan ta wancan lokaci wannan yana bukatar ƙarin kayan haɗi da biyan kuɗin wata-wata, saboda haka da yawa daga masu wasan ba su taɓa ɗanɗana rabin abin da aka tanadar musu ba.

A watan Disamba na 2004 Sony ya fitar da PSP. Faɗin allonta inci 4.3 ne, tana karanta wani ɗan faifai da ake kira UMD, tana kuma iya magana da 'yar'uwarta ta iska, ba tare da igiya ba, muddin suna kusa da juna. Shekara guda bayan haka, a Disamba na 2005, Capcom ya mai da wasan kan wannan na'ura da sunan Monster Hunter Portable. Na biyu ya biyo baya a Fabrairu na 2007, shi ne kuma wasan PSP na farko da aka sayar da kwafi miliyan guda nasa a Japan. An faɗaɗa shi a Maris na 2008 da sunan Portable 2nd G, wanda aka sayar da kimanin miliyan 3.8, sa'an nan Portable 3rd ya zo a Disamba na 2010 ya kai kimanin miliyan 4.9, alhali ba a taɓa fitar da shi a Turai ko Amurka ba. Yasunori Ichinose ne ya jagoranci tsara waɗannan na hannu, Ryozo Tsujimoto kuma ya zama mai kula da jerin wasannin.

Abin lura a nan shi ne, ko da yake PSP tana iya shiga intanet, waɗannan wasanni ba a gina su a kan haka ba. An gina su ne a kan haɗin kusa kawai. Wanda yake son farautar tarayya dole ya ɗauki na'urarsa ya je inda abokansa suke, kowa da tasa na'urar, kowa da nasa faifan. A kan wannan iyaka ce duk al'adar da za a bayyana ta tsaya.

4.0 Yadda Ake Wasan

4.1 Ƙauye da Kwangila

Mai wasa yakan fara ne a matsayin sabon mafarauci a wani ɗan ƙauye. A na farko sunan ƙauyen Kokoto, a na biyu Pokke, wanda yake gindin duwatsu masu ƙanƙara, a na uku kuma Yukumo, ƙauyen maɓuɓɓugar ruwan zafi mai fasalin ƙauyukan Japan. Labarin ba shi da yawa. Babu sarautar da za a ƙwato, babu gimbiyar da za a ceto. Akwai dai jama'a masu noma da fatauci, da dodannin da suke tare musu hanya ko su yi musu ɓarna, da ƙungiyar mafarauta da take rarraba aiki.

Kowane aiki kwangila ne. Mafarauci yakan je wurin dagacin ƙauye ko zauren ƙungiya, ya zaɓi takardar aiki, ya biya ɗan kuɗin kafin alƙalami, a faɗa masa abin da ake so da ladan da zai samu. Akwai sharuɗɗa biyu da kusan kowace kwangila take ɗauke da su. Na ɗaya, lokaci: galibi minti 50 ne, in ya cika ba a gama ba aiki ya rushe. Na biyu, faɗuwa: in dodo ya sumar da mafarauci, waɗansu kyanwoyi masu tafiya da ƙafa biyu, waɗanda ake kira Airu da Japananci, sukan kwaso shi a amalanke su zubar da shi a sansani, a kuma zabge kashi ɗaya cikin uku na ladan. In aka faɗi sau uku, shi ke nan, an koma gida hannu rabbana.

Wannan tsari na kwangila ya dace da na'urar hannu ƙwarai. Aiki guda yana da farko da ƙarshe, ana iya gama shi a hutun cin abinci ko a cikin jirgin ƙasa tsakanin gida da wurin aiki. In kuwa mutum shi kaɗai yake wasa ya iso tasharsa bai gama ba, sai ya sa na'urar barci, in ya tashe ta ya ci gaba daga inda ya tsaya.

4.2 A Daji

An rarraba dajin yanki-yanki, kowane yanki da lambarsa a taswira. Sai mafarauci ya nemo dodon da kansa, in ya gan shi ya jefe shi da ƙunshin fenti don ya riƙa ganin inda ya nufa in ya gudu. Kafin nan ya riga ya yi guzuri: ganyen magani da naman kaza da ake haɗawa su ba da maganin rauni, da zumar da take ƙara masa ƙarfi, da ɗanyen naman da zai gasa in yunwa ta rage masa kuzari, da dutsen washi domin takobi yana dakushewa, da abin sha mai sanyi in hamada za shi, ko mai zafi in ƙanƙara zai shiga.

Abin da ya bambanta Monster Hunter da yawancin 'yan gidansu shi ne, ba a nuna wa mai wasa yawan ran da ya rage wa dodo. A sauran wasanni akan ga wani layi a saman allo yana raguwa da kowane sara. A nan babu shi. Sai dai mutum ya karanci dabbar da idonsa: ya ga ta fusata tana huci, saurinta ya ƙaru, ya ga ƙahonta ya karye ko fiffikenta ya yage, ya ga ta fara ɗingishi ta nufi sheƙarta don ta yi barci, a nan ne zai san ta kusa. A lokacin yana da zaɓi, ko ya ƙarasa ta, ko ya kafa tarko ya jefe ta da maganin sa barci ya kama ta da rai.

Haka kuma kowane dodo yana da ɗabi'arsa, kuma kowane hari nasa yana da alamar da take gabatarsa. Rathalos yakan tashi sama ya feso wuta ko ya kawo sura da farata masu dafi. Tigrex yakan sheƙo a guje, ya juya, ya sake sheƙowa. Shi kuma mafarauci an yi shi da nauyin jiki da gangan. In ya ɗaga babban takobi ba zai iya fasa saran ba sai ya kai ƙasa, in ya tsaya shan magani sai ya ɗauki ɗan lokaci a tsaye ba ya motsi. Saboda haka gaggawa ba ta da amfani. Gwani shi ne wanda ya san lokacin da dodo zai ba da sarari, ya yi sara ɗaya ko biyu, ya janye.

4.3 A Maƙera

A yawancin wasannin shiga rigar jarumi, jarumi yakan hau mataki-mataki, ƙarfin jikinsa yana ƙaruwa gwargwadon yawan abokan gaban da ya kashe. Monster Hunter ya yar da wannan. Mafaraucin da ya yi awa ɗari biyar, in ya tuɓe kayansa, ƙarfinsa ɗaya da na wanda ya fara jiya. Ci gaba yana zuwa ne ta hanya biyu kawai: ta kayan aiki, da ta ƙwarewar yatsu da idon mai wasan.

In dodo ya faɗi, akan ba da ɗan lokaci a feɗe shi, galibi yanka uku ga babban dodo. Abin da aka samu, ko fata, ko ƙashi, ko ɓawo, ko haƙori, shi ake kai wa maƙeri tare da ma'adinan da aka haƙo, ya ƙera makami ko sulke. Sulken da aka yi da fatar dodon wuta yana kare mutum daga wuta, saboda haka kowace farauta share fagen ta gaba ce. A Portable 2nd G makaman iri goma sha ɗaya ne, daga takubba da masu da guduma zuwa baka da bindigogi, har da wani ƙaho da ake busawa a kuma yi duka da shi. Kowane iri yana da nasa hannu, har wanda ya ƙware a guduma in ya ɗauki mashi sai ya koma ɗan koyo.

Daɗin daɗawa, kowane yanki na sulke yana ɗauke da maki na wata baiwa, kamar saurin washi ko jure ƙarar dodo, kuma baiwar ba ta aiki sai makin ya taru ya kai goma. Wasan bai cika wahalar da kansa wajen bayyana irin waɗannan ƙa'idoji ba. Sabon shiga yakan daɗe yana sanye da kayan da ba su amfane shi da kome ba, sai ran da wani ya leƙa allonsa ya nuna masa.

5.0 Zaman Mutum Huɗu

Daga bayanin da ya gabata za a ga cewa wasan yana da wuya, yana da ɓoyayyun ƙa'idoji, kuma an auna ƙarfin dodannin zauren ƙungiya ne da jama'a, ba da mutum ɗaya ba. Wanda ya sayi faifan ya kasa wuce wani dodo, mafita mafi sauƙi gare shi ita ce ya nemi wanda ya fi shi. Wanda kuma ya ƙware yana bukatar abokan tafiya, saboda haka shi da kansa yake jawo abokin karatunsa ko na ofis, ya koya masa, ya raka shi ƙananan kwangiloli har ya tsaya da ƙafarsa. Ta haka wasan ya yaɗu daga hannu zuwa hannu. Tun da kuwa haɗin na kusa ne, sai koyarwar ta zama ta baki da baki, a gidan wani, ko a gidan cin abinci, ko a harabar makaranta bayan an tashi. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. A nan na'urar ce da kanta ta wajabta tattakin.

Ba a wuce mutum huɗu a farauta guda. Wasan ma ya ƙaga wa wannan ƙa'ida dalili irin na camfi: wai dagacin Kokoto, a zamanin ƙuruciyarsa, ya fita farauta su biyar har da budurwar da zai aura, ta rasu a can, tun daga ran nan mafarauta suke ƙin fita su biyar.

Akwai ƙa'idoji biyu da suka gyara zaman, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko, faɗuwa ukun nan ta kowa da kowa ce. In mutum ɗaya ya suma sau uku, duk su huɗun sun yi asara. Wannan ya sa gwani ba ya iya kyale rarrauna. In ya ga dodo ya matsa masa, sai ya watsa garin maganin da yake warkar da duk 'yan tawaga, ko ya jefa abin da yake kashe wa dodon ido don abokinsa ya sami tserewa. Ta biyu, ba a raba ganima. A farautar gaske, ko'ina ake yin ta, rabon nama ne yakan kawo saɓani, wa ya fara harbi, wa ya kai hannu. A nan kowane mafarauci yana fiɗar nasa daga gawar, abin da ɗaya ya samu bai rage na ɗaya ba. An haɗa su a asara, an raba su da dalilin faɗa a riba.

Daga nan ladubba suka taso waɗanda ba a rubuta su a ko'ina cikin wasan ba. Mai guduma shi ake bar wa kan dodo, domin dukansa ne yake sa shi jiri. Masu kaifi su koma wutsiya, domin ita ake iya datsewa a sami ƙarin abin fiɗa. Ba a kai sara inda aboki yake tsaye, don makami yana iya ture shi ko ya wurga shi sama. In dodo ya yi barci ba a taɓa shi sai an jera ganguna masu fashewa a kansa, ko a bar wa mai babban takobi saran farko, domin bugun da ya tashe shi daga barci ninkawa yake yi. Wanda ya karya waɗannan ba hukuncin na'ura zai gamu da shi ba, hararar wanda yake zaune kusa da shi zai gani, wannan kuwa ya fi saurin gyara hali.

Masu nazarin harkar sukan danganta bunƙasar wannan al'ada a Japan da yanayin zaman ƙasar: birane masu cunkoso, da doguwar tafiya a jirgin ƙasa kowace rana, da saukin haɗuwa bayan makaranta ko aiki. A Turai da Amurka, inda masu PSP suke warwatse, wasan bai sami irin wannan karɓuwa ba a lokacin. Capcom ya gane matsalar, har a 2009 ya buɗe wani zaure na ɗan lokaci a birnin Landan don masu wasan su sami inda za su haɗu. A Japan kuwa al'amarin ya kai ga garin Shibu, mai maɓuɓɓugan ruwan zafi a lardin Nagano, an yi masa ado da siffar ƙauyen Yukumo, masu wasan suna zuwa da na'urorinsu su kwana su yi farauta tare.

6.0 Kalmomin da Wasan Ya Haifar

Ga mai nazarin harshe, shaidar da ta fi ƙarfi cewa jama'a ta kafu a kan wani abu ita ce kalmomin da ta ƙirƙira wa kanta. Ga kaɗan daga cikin na masu wannan wasa.

Monhan: Wannan shi ne sunan wasan a bakin Japanawa. Harshensu yana da al'adar gutsure doguwar kalmar aro, a ɗauki gaɓa biyu daga farkon kowane ɓangare a haɗa. Ta wannan hanya ce aka sami Pokémon, da pasokon, watau kwamfutar mutum ta kansa.

Monhan-mochi: Ma'anarsa riƙon Monhan. PSP tana da ɗan maɓallin tuƙi guda ɗaya tak a hagu, maɓallan juya kallo kuma suna samansa a wannan gefen. Don mutum ya yi gudu yana kuma waiwayen dodo, sai ya sa babban yatsa a kan na tuƙi, ya lanƙwaso manuniya a kan na kallo. Riƙo ne mai gajiyar da hannu, amma ya zama alamar da ake gane ɗan hannu da ita tun daga nesa.

Kari-tomo: Abokin farauta, daga kari, farauta, da tomo, aboki. Kalmar tana nufin mutumin da wasan ne ya haɗa ka da shi, ko da ba ku da wata hulɗa a waje.

Kukku-sensei: Malam Kukku. Yian Kut-Ku wani dodo ne mai kama da tsuntsu, mai ƙaton baki da faffaɗan kunnuwa, wanda sabon mafarauci yakan fara gamuwa da shi cikin manyan dodanni. Tun da a jikinsa ake koyon kaucewa da jiran sarari, sai suka ba shi laƙabin malami, suna ambatonsa da girmamawa irin ta raha.

San-otsu: Faɗuwa uku, watau rushewar aiki. San uku ke nan, otsu kuma an gutsuro shi ne daga gaisuwar da Japanawa suke yi wa wanda ya gama aiki, kwatankwacin sannu da aiki. Gaisuwar ta zama zolaya ga wanda kyanwoyi suka kwaso a amalanke.

Butsuyoku sensa: Na'urar gane kwaɗayi. Waɗansu sassan jikin dodo ba a cika samunsu ba, sai a kashe dodo ɗaya sau da yawa ba a dace ba. Daga nan masu wasan suka ƙaga cewa akwai wani abu a cikin na'urar da yake jin abin da zuciyarka take so ya hana ka, ya bai wa na kusa da kai wanda ba ya bukata. Kowa ya san babu wannan abu, amma ana faɗa, har wani yakan hana a ambaci sunan abin da ake nema kafin a fita. Wannan camfi ne sosai, kuma ya taso ta hanyar da camfe-camfe suke tasowa: sa'a ta ƙi bayani, sai jama'a ta yi mata.

7.0 Bayan Zamanin PSP

Iyakar da ta haifi al'adar ba ta dawwama ba. Tun a 2008 Sony ya samar da wata hanya a Japan ta haɗa PSP da intanet ta cikin PlayStation 3. A 2013 Monster Hunter 4 ya fito a kan Nintendo 3DS, wadda ita ma ta hannu ce, da damar farauta ta intanet kai tsaye, a 2014 kuma aka daina fitar da PSP. Sa'an nan a Janairu na 2018 Monster Hunter: World ya koma kan manyan na'urorin ɗaki, ya dogara ga intanet, ya sauƙaƙa abubuwa da dama da suke korar sabon shiga. An sayar da fiye da kwafi miliyan 20 nasa, ya zama wasan Capcom da ya fi kowane kasuwa, kuma shi ne ya buɗe wa jerin ƙofar Turai da Amurka sosai. Monster Hunter Rise, wanda ya fito a kan Nintendo Switch a Maris na 2021, ya dawo da wasan hannu, ya kuma riƙe haɗin kusa na mutum huɗu tare da na intanet.

Ke nan zama wuri guda bai ɓace ba, amma ya tashi daga dole ya koma zaɓi. Wanda ya rasa abokin farauta a yau yana iya samun baƙi uku daga wata nahiya cikin minti guda, su kashe dodo, su watse ba wanda ya san sunan wani. Jama'ar ta ƙaru ninkin-ba-ninkin, amma dalilin da yake sa a yi tattaki ya ragu.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a bayyana wasan shiga rigar jarumi na ɗauki-ba-daɗi ta hanyar misali guda, watau Monster Hunter a kan PSP. An nuna cewa gajerun kwangiloli sun dace da na'urar aljihu, cewa wuyar wasan da ɓoyayyun ƙa'idojinsa sun sa ana bukatar malami, cewa tarayya a asara da rashin rabon ganima sun gyara zaman, kuma haɗin kusa ya tilasta a haɗu ido da ido. Daga wannan zama ne ladubba da laƙabobi da camfi suka fito.

Darasin da malami ko mai nazarin al'ada zai ɗauka shi ne, ba ya wadatarwa a yanke wa wasannin na'ura hukunci a dunƙule. Na'ura guda tana iya ɗaukar wasan da yake kulle yaro a ɗaki, ta kuma ɗauki wanda yake fitar da shi neman tsaransa. Tambayoyin da suka kamata a yi wa kowane wasa su ne waɗanda aka saba yi wa wasannin dandali: su wa suke yin sa, a ina suke zama, wa yake koya wa wa, me ake yi wa wanda ya karya ƙa'ida, waɗanne kalmomi ne kuma suke fitowa daga bakinsu in wasa ya yi zafi.